Wa Zai Riƙe Hannun Inna

Lahadi, bayan la'asar

Bismillahi. Mai gidana ne ya sayo mani wannan littafi, ya ce in riƙa rubuta abin da na gani a Makka don kar in dawo in ce na manta. Rubutuna ba shi da kyau, aji huɗu na tsaya. Amma zan yi.

Ni ce Surayya ɗiyar Malam Ashafa na Tamawa. Bara bayan kaka aka kai ni ɗakin miji a Dutsin-Ma, har yanzu ban iya zuwa kasuwa ni kaɗai ba, ga shi wai ni ce zan je Saudiyya. Ba don kaina ba ne, don Inna ne. Yanar ido ce ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take rarrabewa. Da aka kore shanun maƙwabcinmu, sai Baba ya sayar da nashi kaf, ya ce gara su tafi Makka da su tafi daji. Ya biya kujera biyu, ta Inna da ta mai riƙe mata hannu. Shi bai biya wa kanshi ba. Ya ce in babu ni babu tafiya, don Inna ba ta yarda kowa ya kai ta banɗaki sai ni.

Yau aka yi bankwana. Na ja Inna gida gida tana neman gafara, har gidan matar Alu da suka daɗe ba su magana kan iyakar gona. Sun riƙe juna suna kuka. Inna ta ba da akuyarta, ta ba da ƙwaryar tatsarta, har tabarmar da take kwana a kai. Ta sa wani farin yadi a ƙasan jaka, ta ce za a wanke shi da zamzam. Na san ko na mene ne.

Gari duka ya rako mu bakin hanya.

Tun wancan mako nake shan ƙwayar da mai kemis ya ba ni, wadda ke tsayar da al'ada don kar ta zo wa mace tsakiyar aikin Hajji. An ce duk masu tafiya suna sha.

Litinin, da hantsi

Muna sansani a Katsina. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka cikin atamfa iri ɗaya ba. In Inna ta ɓace mani a nan ban san yadda zan gane ta ba, shi ya sa na ɗaure bakin mayafinta a hannuna.

Wata mata ta shimfiɗa kusa da mu, Hajiya Mardiya daga Shema. Ta sha zuwa, tana da haƙorin Makka, tana saro dogayen riguna. Ta dube mu ta ce, "Inna, kin yi dabara, kin zo da sanda mai magana." Inna ta yi murmushi. Ni ban gane ba sai daga baya.

Malam Zaharaddin shi ne jagoran rukuninmu. Ya yi magana da lasifika, ya ce sai jirgi ya sauka za a kira mu, kuma kafin a hau za a ba kowace mace da ba tsohuwa ba 'yar roba ta yi fitsari a gwada. Wadda aka samu da ciki ba ta hawa, doka ce. A rukunin da ya tashi jiya an cire wata. Tana nan har yanzu zaune kan jakarta, ba ta kuka, ba ta magana, mijinta na ta kai da kawo da waya a kunne.

Ni an gwada ni a asibiti tun cikin azumi, ba a ga komai ba.

Litinin, bayan magariba

Jirgi bai zo ba. An ce yana hanya.

Talata, bayan la'asar

Da safe an ce jirgin ya tsaya wata ƙasa ana mashi gyara. Da azahar an ce ba gyara ba ne, takarda ce ba a sa wa hannu ba. Wani tsoho ya tashi ya ce wace takarda, ba wanda ya amsa mashi. Daga nan Malam Zaharaddin ya ce kowa ya koma gida, a bar waya a kunne, a zauna cikin shiri.

Na ce, "Inna, tashi mu tafi Tamawa."

Ta ce, "Ba ni komawa."

"To ina za mu, Inna?"

"Wanda ya nemi gafara, ya raba kayanshi, aka rako shi da kuka, ba shi komawa ya yi sallama a ƙofar gida. Kin taɓa ganin an dawo da mutum daga maƙabarta?"

Na ce ta daina irin wannan magana.

Gidana ma ba za ta zauna ba, gidan suruki ne. Sai muka yanke gidan Gwaggo Kande, ƙanwar Baba, a bayan tashar Dutsin-Ma. Hanyar kau dole ta bi ta Kurfi. Da mota ta rage gudu Inna ta ce, "Ina muke?" Na ce Kurfi. Ta ja mayafi ta rufe fuska har muka wuce mararrabar garinmu. Ni ma na rufe tawa.

Laraba, da hantsi

Gwaggo Kande ta tarbe mu da cewa, "Sannunku da dawowa, alhazan bayan tasha. Ina tsarabata, ko dabino ɗaya babu?" Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce kar mu leƙa ko ƙofar gida, kar wani ɗan Tamawa ya gan mu.

Gwaggo man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli. Gidan duka warin suya yake. Da can ina son warin.

Mai gidana ya zo jiya bayan magariba, ya tsaya zaure ya gaida Inna daga nesa. Yana ce mani Hajiya yana dariya. Ya kawo kifi daga dam ɗin Zobe, can yake gyaran injin ban ruwa. Ban ci ba.

Alhamis, da asuba

Inna ta ce, "An kira?" Na ce a'a.

Juma'a, bayan an sauko

Ba a kira ba. Wayar tana hannuna har banɗaki. In cajin ya yi ƙasa sai Gwaggo ta aika a kai wurin mai caji, ni kau ina tsaye bayan ƙofa har a dawo da ita.

Na kira Malam Zaharaddin, ya ce, "Malama Surayya, ku dai ku zauna cikin shiri." Na ce cikin shiri muke, ko zanin kwana ba mu ciro daga jaka ba. Ya ce madalla, ya kashe.

Gwaggo ta ce wani a tasha ya ce ba jirgin ne ya lalace ba, man jirgi ne babu. Wani kuma ya ce can ne suka hana sauka. Kowa da tashi. Ni ban san ma yadda jirgi yake a ciki ba.

Asabar, da hantsi

Na yi amai bayan ɗaki. Na rufe da toka. Zafi ne, ana zafi sosai bana.

Lahadi, bayan azahar

Ina taya Gwaggo ɓarar gyaɗa, Inna na barci. Sai ta ce, ba ta ko kalle ni ba, "Ke, yaushe rabonki da fashin salla?"

Na ce, "Magani nake sha, Gwaggo, na tafiya."

"Tun yaushe?"

"Tun wancan makon da ya wuce."

"Kafin maganin fa?"

Na fara tunani. Na koma baya har ƙaramar salla. Na sake komawa. Hannuna ya tsaya a kan gyaɗa.

Gwaggo ta ce, "Kawo shi." Na ɗauko ƙwayar daga jaka, ta amsa ta je ta jefa a masai. Ta dawo ta zauna ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, "Allah ya kyauta. Kin ko san abin da kika yi ta zubawa a cikinki?"

Ban sani ba. Mai kemis bai tambaye ni komai ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Lahadi, bayan isha

Ba zan rubuta ba.

Litinin, da asuba

"An kira?" A'a, Inna.

Talata, bayan la'asar

An yi ruwa jiya mai ƙarfi. Baba ya kira ya ce an yi shuka a Tamawa, bana da hannu ya yi komai tunda babu shanun huɗa. Ya ce mutane na ta zuwa mashi barka, suna tambaya ko mun sauka Madina. Shi dai cewa yake suna hanya. Ya ce ai ba ƙarya ya yi ba.

Ya ce, "Hannun uwarki fa?"

Na ce, "Yana hannuna, Baba."

Ya ce, "To kar ki sake shi." Muryarshi ta tsufa cikin kwanakin nan, ko wayar ce.

Laraba, bayan magariba

Mai gidana ya zo. Na yi niyyar in gaya mashi. Na shirya maganar tun rana. Da na shiga zaure na gan shi sai bakina ya ƙi. Ya ce na rame. Na ce zafi ne. Ya ce in daure, can ma an ce ya fi nan zafi. Ya ce ya share mani ɗaki ya zuba wa kajina ruwa. Na ce an gode. Shi ke nan abin da na iya faɗi.

Gwaggo na jin mu. Da ya tafi ta ce, "Kunya dai har ta kashe ki. Nu'uman ɗin ba mijinki ba ne, ba shi ne ya jawo ba?" Na gudu ɗaki.

Alhamis, da hantsi

An kira. An ce mu zo yanzu yanzu, jirgi zai sauka da yamma. Inna ta tashi da kanta tana laluben takalmi. Ni kau robar gwaji kawai nake gani a idona.

Alhamis, bayan la'asar

Mun dawo.

Muna daidai kasuwar Kurfi waya ta yi ƙara, Malam Zaharaddin ya ce a juya, an fasa. Bai ce me ya sa ba. Direba ya tsaya nan tsakiyar mutane yana faɗa kan kuɗin mota, mu kau muna ciki fuska a rufe, gumi na zuba. Na ji muryar wani da na sani daga Tamawa yana cinikin taki dab da tagar motar. Inna ma ta ji. Ta matse hannuna har ya yi ciwo, ba ta sake ba sai da motar ta juya.

Allah ya gafarta mani. Da aka ce an fasa sai na ji daɗi. Inna na gefena tana salati a hankali, ni ina jin daɗi.

Juma'a, da asuba

Yau ba ta ce an kira ba. Ta yi salla a zaune.

Asabar, da rana

Ƙafafun Inna sun kumbura, takalmin roba da aka ba mu ba ya shiga. Fura kaɗan take sha. Gwaggo ta ce a kai ta asibiti, ta ce a'a, in aka rubuta mata ciwo a takarda za a hana ta hawa.

Kowa a ɗakin nan yana da abin da ba ya so a rubuta.

Litinin, da hantsi

Gwaggo ta kunna rediyo. An ce Lahadi mai zuwa za a rufe filin jirgi na can ga maniyyata, wanda bai shiga ba sai wata shekara. Inna na kwance, na ɗauka barci take. Sai ta ce, "Yau wace rana?" Na ce Litinin. Ta ce, "To."

Wata shekara. Da waɗanne shanu.

Talata, da asuba

Amai. Toka.

Laraba, bayan azahar

Hajiya Mardiya ta zo gaida Inna, ta ce Shema ba nisa. Ita ta koma gidanta abinta, ta ce ita jirgi ya saba yi mata haka, ta daina bankwana da kowa. Tana zaune aka ɗora gyaɗa a wuta, na tashi da sauri na fita. Da na dawo ta tare ni a tsakar gida ita da Gwaggo, ta ɗaga mani fatar ido, ta dubi tafin hannuna.

Ta ce, "Amarya, an yi gaggawa."

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "To saurara. Tsofaffi ba a gwada su. Kowa a sansanin nan ya san ke ke kai tsohuwa banɗaki. In an ba ki robar, ki ja ta ku shiga tare, ki ba ta ta cika maki. Wa zai leƙa? Ba a kanki aka fara ba."

Gwaggo ta ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah. Ki kai yarinya wannan rana da wannan turmutsutsu a haka?"

"Na ga wadda ta haihu a Mina, lafiya lau, har aka sa wa ɗan suna."

"Ni kau na ga wadda jakarta kaɗai aka dawo da ita."

"To ki faɗa mani, Kande, in an cire ta wa zai riƙe tsohuwar? Ke?"

Gwaggo ta koma wurin suyar gyaɗarta.

Da za ta tafi ta leƙa ɗaki ta ce, "Inna, a ci abinci, Safa da Marwa ba a zaune ake yi ba." Inna ta ce, "In sha Allahu."

Alhamis, bayan la'asar

Na yi ta tunani. In na bi maganar Hajiya, dole in sa robar a hannun Inna. In na sa mata, ta san dalili. Ni ce ɗiyarta ta fari, ko sunana ba ta kira, ke take ce mani. Ban taɓa yi mata maganar irin wannan abu ba, ko ranar da na fara girma Gwaggo aka aiko ta yi mani bayani.

In kuma ban bi ba, Baba.

Na tambayi Gwaggo ko ƙwayar nan da na sha ta yi ɓarna. Ta ce ita ba likita ba ce, in an gama wannan za ta kai ni awo. Wani lokaci marata na ɗan murɗawa. Ban gaya mata ba.

Juma'a, da asuba

Shiru.

Juma'a, bayan magariba

Shiru. Saura gobe da jibi. Na kama kaina ina roƙon kar a kira, na yi istigifari. Sai na roƙi a kira. Sai na rasa wanne zan roƙa, na bar hannuna a sama haka nan.

Asabar, bayan azahar

An kira. Jirgin ƙarshe ne, an ce ya riga ya sauka, Malam Zaharaddin ya ce ya gan shi da idonshi. Muna cikin mota. Rubutu na karkacewa. Inna ta sa takalmin Gwaggo don nata bai shiga. Mun wuce Kurfi.

Lahadi, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi, ko da sau ɗaya.

Da safe aka jera mu. Malamar asibiti ta ba ni roba da sunana a jiki. Hajiya Mardiya na bayana, ta taɓa ni da gwiwar hannu. Na juya na ce, "Inna, taso in kai ki." Ta taso.

Muka shiga, na rufe ƙofa. Na buɗe tafin hannunta na sa robar. Ta shafa ta, ta shafa murfin, ta daɗe tana juya ta. Ana ta buga ƙofa daga waje.

Ta ce, "Ke."

Na ce, "Na'am, Inna."

"Idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Kullum da asuba ina jin ki bayan ɗaki."

Na fara kuka.

Ta ce, "Babanku kujera biyu ya biya. Mu kau uku ne." Ta laluba ta nemo hannuna ta mayar mani da robar, ta rufe yatsuna a kai. "Ba ni zuwa ɗakin Allah da wannan a wuyana. Yi abin da aka ce ki yi. Na juya baya."

Ta juya baya, ita da ba ta gani.

Malamar ta tsoma wani ɗan tsinke, ta jira, ta dube ni ta ce, "Barka, amarya." Ta ja layi kan sunana. Malam Zaharaddin ya zo ya ce ya yi baƙin ciki, batun kujerata za a duba daga baya. Ya ce, "Tsohuwar fa? A cire ta ita ma?"

Inna ta ce, "Ni zan tafi."

Na ce, "Inna, da wa?"

Ta ce, "Ina mai haƙorin nan mai surutu?"

Hajiya Mardiya ta yi dariya, amma ba irin ta kullum ba. Ta ce, "Inna, ni fa sauri ne da ni." Inna ta ce, "Za ki rage."

Na kwance mayafin daga hannuna na ɗaura a nata. Na ce in za a taka matakala ta matsa hannunta tukuna. Na ce ba ta shan ruwan sanyi. Na ce ba za ta ce tana son banɗaki ba, sai an lura, in ta fara gyara zama. Ina ta faɗi, Hajiya na cewa to, to, idonta na kan layi. Aka kira su. Inna ba ta yi mani bankwana ba, ta ce ta riga ta yi a Tamawa.

Na zauna kan jakata har jirgin ya tashi. Ƙararshi ta fi yadda na zata.

Litinin, bayan azahar

Wannan karon na sauka a Kurfi. Mai gidana ne ya ɗauko ni, Gwaggo ta riga ta gaya mashi komai a waya. Bai ce mani Hajiya ba. A hanya yana kauce wa ramuka a hankali kamar ya ɗauko ƙwai.

Na shiga Tamawa da atamfar alhazai a jikina. Yara suka biyo ni suna Hajiya ta dawo. Matar Alu ta fito ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah, Makka ta matso kusa." Sai ta sake duba na, ta kori yaran.

Baba na gona. Ya dawo ya gan ni, ya jingine fartanya. Bai tambaye ni dalili ba, na san Gwaggo ta kira shi. Ya ce, "Wa ke riƙe da ita?" Na ce wata Hajiya daga Shema. Ya ce, "Kin san ta?" Na ce a sansani muka haɗu. Ya daɗe yana kallon turken da babu komai. Ya ce a ba ni fura, kar in zauna a ƙasa.

Talata, da hantsi

Na dawo ɗakina a Dutsin-Ma. Hajiya Mardiya ta kira. Ta ce jirgin ya sauke su wata ƙasa da ba Saudiyya ba, sun kwana kan tayil, ba wanda ya gaya masu dalili, sai jiya suka isa Makka. Ta ce, "Uwar nan taki taurin kai ne da ita, ta ƙi ci, ta ƙi in kai ta banɗaki sai da na yi mata rantsuwa zan rufe ido." Na ce a ba ni ita. Ta ce tana barci. Ina jin hayaniya kamar ta kasuwa a bayanta.

Laraba, da asuba

Waya na shiga, ba a ɗauka.

Laraba, bayan la'asar

Gwaggo ta kai ni awo. Sun ce in daina ɗaukar ruwa, in dawo wata mai zuwa. Na gaya masu maganar ƙwaya, malamar ta rubuta, ta ce a dai bari a gani.

Ba a ɗauka. Yanzu ma a kashe take. Rediyo na cewa zafin can ya yi yawa, tsofaffi su guji rana.

Alhamis, da hantsi

Yau Arfa. Na so in yi azumi, mai gidana ya hana.

Alhamis, dab da magariba

Wata lamba mai tsawo ta kira. Muryar mace ce, Hausarta irin ta mutanen Maraɗi. Ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce, lambata ta gani rubuce a jikin jakar wuya. Ta ce, "Ga tsohuwarku, kar ki daɗe."

Na ce, "Inna."

Ta ce, "Ke ce?" Muryar can ƙasa, sai na toshe ɗayan kunnen.

"Ni ce, Inna. Kina ina?"

"Arfa. Sun kawo ni a mota mai gado. An ce nan ne. Na tsaya."

"Ina Hajiya Mardiya?"

"Mun rabu a Mina, mutane sun yi yawa. Ba laifinta ba ne, mayafin ne ya kwance." Ta huta. "Na roƙa maku, ku biyu. Ki riƙa cin abinci."

Na ce, "Inna, to wa ke riƙe da hannunki yanzu?"

Ta ce, "A kwance nake. Ba sai an riƙe ni ba."

Matar ta amshi wayar ta ce za su sake kira in da hali, ta kashe. Na bi lambar, ba ta shiga.

Baba ya ce in kira shi duk abin da na ji. Zan ce mashi ta tsaya Arfa. In ya tambayi hannu, zan sake ce mashi ta tsaya Arfa.